Tafin Hannu Ba Ma'auni Ba Ne

Akwai abu guda da mu ke so kowace ƙungiyar gama kai ta manoma ta rubuta cikin lissafin kuɗinta kafin bazara ta shigo, watau ma'aunin zafi na kayan lantarki. Mun san wani zai ce taki ya yi tsada, iri ya yi tsada, me ya kai mu ga wannan kuma? Sai a yi haƙuri a ji dalilinmu tukuna.

Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da gwamnati ta janye tallafin man fetur, masu noman rani da yawa suka jingine injin ban ruwa mai shan fetur, suka koma ga sola. Ƙungiyoyi suka yi karo-karo, mata suka kawo kuɗin adashe, aka tara abin da aka iya, aka aiki mutum biyu ko uku zuwa Kano. Ko daga Sumaila a ke, ko Tudun Wada, ko Rogo, ko Malumfashi da Kafur, hanyar ɗaya ce: a sauka a tasha, a nufi Sabon Gari. A can ne, cikin kasuwar Abubakar Rimi da shagunan France Road da kewayenta, a ke samun farantin sola, da batir, da inbata mai mai da wutar batir ta zama irin ta gida, da kwantirola mai tsaron cajin batir, da famfon rijiyar burtsatse, har da injin ƙyanƙyasar ƙwai. Kuɗin da a ke zubawa a kan waɗannan kaya guminmu ne na shekara biyu ko uku, kuma amanar mutane da yawa ce a hannun mutane kaɗan.

Tsawa ta kan kashe na'ura, ruwa ma haka, amma su farat ɗaya su ke zuwa, kowa ya gani. Zafi kuwa a hankali ya ke ci, kamar gara a rumbu. Ran da inbata ta yi shiru sai a ce mai shago ya sayar mana da jabu, ko kuwa a ce tsautsayi ne. Wani lokaci jabun ne, gaskiya. Amma sau da yawa na'urar ta daɗe tana dahuwa cikin ɗakin kwano marar taga, ba wanda ya sani, domin ba wanda ya taɓa aunawa.

A juya kowane farantin sola a duba bayansa, za a ga takarda a manne. Idan ta ce wat 300, to a kusa da wurin akwai ƙananan haruffa masu cewa an auna wannan ƙarfi ne sa'ad da zafin farantin ya ke digiri 25. Digiri 25 kuwa a wurinmu sanyin safiya ne. Cikin watan Afrilu iskar Kano ta kan kai digiri 40 da rana, wani lokaci ta wuce, faranti kuma da ke shanye a rana ya kan fi iska zafi da digiri 20 ko 25. Ke nan ya kai 60 ko 65. Ga faranti da yawa, kowane digiri ɗaya bisa 25 ya kan rage ƙarfi da kusan kashi 0.4 cikin ɗari, sababbin ƙira kuwa ɗan ƙasa da haka. In an yi lissafi, ƙarin digiri 40 ya cinye kashi 16 cikin ɗari, farantin wat 300 ya dawo wajen 250. A nan mai shago bai cuci kowa ba, halin abin ke nan. Amma ƙungiyar da ba ta san wannan ba za ta sayi faranti daidai wa daida da abin da famfo ke bukata, sa'an nan ta yi ta mamaki don me ruwa ba ya cika tiyo da tsakar rana, a daidai lokacin da tumatir ya fi jin ƙishi.

Na batir ya fi ciwo, gama shi ne mafi tsada cikin kayan da ke saurin mutuwa. Masu ƙera batir na dalma da ruwan asid suna da wata ƙa'ida da su ke rubutawa cikin takardunsu: duk ƙarin digiri 10 ko kusa da haka bisa 25 yana raba kwanakin batir biyu. Batirin da zai yi shekara huɗu a ɗaki mai digiri 25, shekara biyu zai yi a 35, shekara ɗaya a 45. Dalilin kuwa ba boyayye ba ne. Tun 1889 wani masani na ƙasar Siwidin mai suna Svante Arrhenius ya nuna da lissafi yadda zafi ke hanzarta haɗuwar sinadarai da lalacewarsu. Kowace uwargida ta san wannan a tukunyarta, domin miyar da ke kwana lafiya da hunturu, da bazara kafin gari ya waye ta yi tsami.

Haka abin ya ke a cikin inbata da kwantirola. Wanda ya taɓa leƙa cikinsu a wurin mai gyara ya ga wasu ƙananan gwangwanaye a tsaye, su a ke kira kafasita. A jikin kowace an rubuta 85 ko 105, watau iyakar zafin da za ta ɗauka. Wadda aka rubuta wa 105, yawanci an yi mata alkawarin kamar awa 2,000 ne a kan wannan zafi, kuma duk ragin digiri 10 yana ninka kwananta biyu. To, a yi lissafi. A digiri 85 awa 8,000 ke nan, wanda bai cika shekara guda ba ga na'urar da ke aiki dare da rana. A digiri 65 kuwa awa 32,000, fiye da shekara uku da rabi. Na'ura ɗaya, kuɗi ɗaya, amma digiri 20 ya raba tsakanin wata goma sha ɗaya da shekara uku da rabi. Wannan digiri 20 kuwa abu ne da taga guda, da inuwar itace, da share ƙurar hunturu daga fanka za su iya ragewa.

Abin da a ke yi yanzu a ƙauye, har ma a shagunan Sabon Gari, shi ne a ɗora tafin hannu a kan na'ura a ce, "Ba ta yi zafi ba," ko kuwa, "Kai, wannan ta ɗau zafi." Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Mun yarda, amma ba mu taɓa ganin manomin da ya yarda a sayi dawarsa da ido ba alhali ga mudu a kasuwa. Hannu ma bai kai ido ba. Ƙarfe mai digiri 50 ya isa ya sa mutum ya janye hannu, mai digiri 60 kuwa ya kan ƙona fata cikin ɗan lokaci kaɗan. Daga nan zuwa sama duk ɗaya ne ga hannu, 60 da 90 sunansu zafi, alhali kuwa 60 lafiya ce ga wasu sassa, 90 kuwa hanyar mutuwa. Har wa yau, ƙarfe da roba masu zafi ɗaya ba ɗaya hannu ke jinsu ba, ƙarfe ya fi cizo. Hannun manomi mai kanta kuma ba ɗaya ya ke da hannun ɗan makaranta ba. Banda wannan duka akwai hatsari. Faranti da aka jera domin famfo su kan ba da bolt ɗari biyu ko uku ko fiye muddin rana na kansu, kuma manyan kafasita su kan riƙe wuta na wasu mintoci bayan an kashe na'ura. Kada kowa ya sa yatsa cikin akwatin da aka buɗe.

Ma'auni na farko da mu ke ba da shawara a kansa tsohon abu ne. A shekarar 1821 wani Bajamushe, Thomas Seebeck, ya gano cewa idan aka haɗa bakin waya biyu na ƙarfe iri dabam dabam, aka ɗumama mahaɗin, 'yar wuta ta kan taso gwargwadon zafin. Wutar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, a irin wayar da aka fi sayarwa, mai alamar K, kamar kashi 41 cikin miliyan na bolt ɗaya ne ga kowane digiri, amma mita tana iya karanta ta ta mai da ita lamba. Mitar da masu gyaran rediyo da talabijin ke riƙewa, wasu irinta suna zuwa da wannan waya a cikin kwali, siririya mai ɗan dunƙule a baki kamar ƙwayar gero. In za a saya sai a dubi fuskar mitar a ga akwai alamar digiri, a kuma tabbata wayar na ciki. Ana manna bakin a jikin abin da a ke so a auna da salatif, a jira minti ɗaya ko biyu lambar ta tsaya. Kuskurenta bai cika wuce digiri biyu ba, wanda ya ishe mu. Amfaninta biyu ne, gama mitar nan ita ce kuma za ta auna bolt na batir. Abin lura shi ne bakin wayar ƙarfe ne tsirara, saboda haka a jikin akwati ko a gefen batir za a manna shi. Shigar da shi cikin na'ura aikin wanda ya koya ne, shi ma sai ya kashe wuta tukuna.

Na biyu kowa ya san kamanninsa. A shekarar 2020, lokacin cutar korona, ba ƙofar majami'a ko ta banki da ba a auna goshin mutane da wata 'yar bindiga ta roba ba. Asalin ilminta ya koma 1800, sa'ad da William Herschel a Ingila ya gane akwai wani haske da ido ba ya gani, wanda kowane abu mai ɗumi ke fitarwa. Bindigar tana karɓar wannan haske ne ta faɗi zafin abin ba tare da an taɓa shi ba, shi ya sa ta fi kowane ma'auni lafiya a wurin da wuta ke gudu. Amma a kula, ta goshi dabam, ta masu gyara dabam. Ta goshi daga wajen digiri 32 zuwa 43 kawai ta ke karantawa, sai ko in tana da maɓallin auna jikin kaya. Wadda mu ke nufi ita ce mai kai ɗaruruwan digiri.

Wannan bindiga tana da halaye uku da in ba a san su ba za ta yi wa mutum ƙarya ido na ganin ido, domin haka za mu ɗan daɗe a kanta. Jan ɗigon da ta ke haskawa manuni ne kurum, ba shi ke awo ba. Abin da ta ke aunawa da'ira ce mai faɗaɗa gwargwadon nisa. A jikinta a kan rubuta 12:1, ma'anarsa daga nisan inci 12 tana ganin da'ira mai faɗin inci ɗaya, daga inci 24 kuwa inci biyu. Wanda ya tsaya nesa ya auna ɗan ƙaramin noti, ya haɗa da bango ke nan, lambar da zai samu za ta yi ƙasa da gaskiya. Sai a matso. Hali na biyu, ba ta gani ta cikin gilashi ko murfi, zafin murfin za ta faɗa. Domin wannan ne a ke auna farantin sola ta baya, ba ta fuskar gilashi ba. Na uku shi ne mafi ruɗi: ƙarfe mai walƙiya, kamar alminiyam ko jan ƙarfe da aka goge, ba ya sakin wannan haske da yawa, sai ya yi kamar madubi. Ƙarfen da ya kai digiri 80 bindiga ta kan ce 40 ne, mutum ya tafi da murna. Maganinsa mai araha ne. A manna ɗan guntun baƙin salatif na masu haɗa wuta a kan ƙarfen tun ba a kunna ba, a bar shi ya ɗauki zafi, a auna a kan salatif ɗin. In an bar shi nan dindindin, ya zama alama, kowane mako a wuri ɗaya za a riƙa aunawa.

Akwai kuma ma'aunin da masu ƙira suka riga suka dasa a cikin na'ura, ɗan ƙaramin abu mai suna tamista, wanda yadda ya ke tare wuta ke raguwa in ya ji zafi. Irin da aka fi sani tana da om 10,000 a digiri 25, kafin a kai 50 ta sauka ƙasa da rabin haka. Ita ce ke sa waya ta ƙi caji in ta sha rana, ita ce ke kunna fankar inbata. Kwantirola mai kyau ta kan zo da wata 'yar waya mai irin wannan abu a baki, domin a manna a jikin batir, gama batir mai zafi yana bukatar a rage masa ƙarfin caji kaɗan, in ba haka ba ruwansa ya yi ta ƙonewa. Sau nawa a ke jefar da wannan waya tare da kwali domin mai haɗawa bai san amfaninta ba! Ma'ajin ƙungiya ya tambaya, ya ga an manna ta.

A injin ƙyanƙyasa ne wannan magana ta fi tsanani. Ƙwan kaza yana bukatar digiri 37.5 ko ɗan sama da haka kaɗan har kwana 21, na zabo kuwa kwana 26 zuwa 28. Ƙarin digiri biyu in ya daɗe ya isa ya kashe 'yan tsaki tun suna cikin ɓawo. Lambar da ke haske a fuskar injin abin da tamistarsa ta faɗa masa ne, in kuwa ta karkace da digiri ɗaya da rabi, injin zai yi ta nuna 37.5 yana dafa ƙwai ɗari biyar na zumuntar mata. Kafin a zuba ƙwai, a sa ma'aunin zafin jiki irin na asibiti a tsayin saman ƙwai, a gwada da abin da injin ke nunawa, a tsakiya da kusurwoyi. A tuna kuma, yawancin ƙananan injunan nan ɗumamawa kawai su ke yi, ba su sanyayawa. Idan iskar ɗakin ta kai 40 cikin Afrilu, ba abin da injin zai iya yi. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara ko ciyawa ya fi ɗakin kwano nesa ba kusa ba a wannan aiki.

Kyamarar zafi, wadda ke nuna hoton na'ura da launuka, ja inda ya fi zafi, abu ne mai kyau, har akwai ƙanana da a ke maƙalawa a jikin waya. Manyan masu gyara su ya kamata su mallake ta. Ba mu ga dalilin da ƙungiyar ƙauye za ta sa kuɗinta a kai ba.

Shi ma'aunin kansa sai an gwada shi, gama Sabon Gari ba ta rasa ma'auni na jabu ba. A cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara, a zuba ruwa kaɗan, a motsa, a tsoma bakin wayar: ya kamata mita ta nuna sifiri ko kusa da shi. Sa'an nan a tsoma cikin ruwa mai tafasa. A nan kada a yi saurin mai da kaya, domin digiri 100 da aka koya mana a makaranta na bakin teku ne. Kano tana bisa teku da kusan mita 500, ruwa kuwa ya kan tafasa a wajen 98, a Jos ma 96. In wayar ta ci wannan jarrabawa, sai a gwada bindiga da ita a kan baƙin salatif guda.

To, in an sami lamba, me za a yi da ita? A nan ne mu ke jin tsoro kaɗan, kuma masu sukar wannan shawara suna da gaskiya. Bindiga a hannun wanda bai gane ba ta kan haddasa rigima a banza. Mutum ya auna jikin inbata ya ga 55, ya ɗauke ta a ka har Kano yana faɗa da mai shago, alhali lafiyarta lau, aikinta ta ke yi na fitar da zafi waje. Lamba ɗaya ita kaɗai ba ta faɗin kome, sai an gwada ta da wata. Da fari a auna iskar ɗakin, gama takardar inbata da yawa ta ce kada iskar da ke kewaye da ita ta wuce 40 ko 50. Sa'an nan a gwada abu da ɗan'uwansa. Batir huɗu a jere suna aiki ɗaya, in ɗaya ya fi saura zafi a fili, yana da ciwo a ciki, zai kuwa ja sauran ƙasa. Kan batir biyu masu ɗauke da wuta ɗaya, in ɗaya ya fi ɗayan da digiri 10 ko 15, notinsa ya saki ko ya yi tsatsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama inbata mai wat 1,000 a kan batir mai bolt 12 tana jan fiye da amfiya 80, kuma zafin da ke tasowa a waya yana ninka huɗu duk lokacin da wutar ta ninka biyu. Siririyar waya da sakakken noti su ne mafarin gobara a gidaje da yawa. A bayan faranti ma, in wani gurbi ya fi maƙwabtansa zafi sosai, a duba sama, za a tarar da kashin tsuntsu, ko ganye, ko inuwar reshe. Batir kuwa, na ruwa in ya doshi digiri 50 a dakatar da caji, na litiyam da yawa an rubuta musu 45.

Gwaji mafi amfani shi ne a gwada yau da makon jiya. Domin wannan mu ke so a sayi littafi guda na 'yan makaranta, a ja masa layi: rana, lokaci, zafin iska, zafin batir, zafin inbata a kan salatif, da abin da ke kunne. Sau ɗaya a mako ya isa, da misalin ƙarfe biyu na rana, bayan na'ura ta yi aikin awa guda. Ran da lambar ta fara hawa alhali iska ba ta hau ba, aiki kuma bai ƙaru ba, to ƙura ta toshe ƙofofin iska, ko fanka ta tsaya, ko zanzaro ya yi gini a ciki, ko ƙadangare ya shiga. Duk waɗannan gyaran rabin awa ne in an kama su da wuri. A riƙa karanta littafin nan a taron wata tare da rahoton ma'aji, domin dukiyar da ke rataye a bango ba ta gaza wadda ke cikin akwati ba.

Wani zai ce ai na'urorin zamani suna da kariyar kansu, in sun yi zafi su kan kashe kansu. Masu kyau haka su ke. Amma an saita wannan kariya ne a bakin rami, domin kada abu ya ƙone nan take, ba ta hana tsufan da muka lissafta a sama. Jakin da a ke lafta wa kaya har sai ya durƙusa kullum, bai mutu yau ba, amma ba zai ga baɗi ba. Mafi muni, akwai masu gyara da in aka kai musu ƙarar cewa inbata tana yawan ɗaukewa da rana, sai su cire tamistar ko su tsallake ta, a dawo gida ana yabonsu. Ƙungiyar da ke da littafi ba za a yi mata haka ba, domin za ta ga lambar na hawa.

Wani kuma zai ce mu manoma ne, ba injiniyoyi ba. Iyayenmu ma ba malaman gona ba ne, amma sun koyi auna taki da murfin kwalba da tazarar shuka da igiya mai ƙulli. Iyayenmu mata ba likitoci ba ne, amma cikin shekarun 1980 sun koyi auna gishiri da sukari cikin kwalbar ruwa, yara da yawa suka tsira daga zawo. Karanta lamba biyu a fuskar mita bai fi waɗannan wuya ba. Kowace ekklesiya tana da saurayi ko budurwa da suka gama sakandare suna zaune, a ba su wannan hidima, su biyu, domin in ɗaya ya tafi birni kada ilmin ya bi shi. Kuɗin mita da bindiga tare kuwa bai kai ko kusa da kuɗin babban batir guda ba.

Muna da magana kuma da 'yan kasuwar Sabon Gari, waɗanda da yawansu a benci ɗaya mu ke zama da su ran Lahadi. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa unguwar nan jim kaɗan bayan haka, daga can ne kayan zamani ke shiga ƙauyukanmu, daga fitilar aci-balbal da keken ɗinki har zuwa rediyo, yanzu ga sola. Ba mu manta da wannan ba, kuma mun san su ma sun san zafin hasara, gama gobarar Maris 2016 ta cinye dubban shaguna a kasuwar. Abin da mu ke roƙo kaɗan ne. Gwajin da a ke yi a shago yanzu, a haɗa inbata da batir, ƙwan lantarki guda ya kama, a ce, "Ka gani, tana aiki," ba gwaji ba ne. A bar wakilan ƙungiya su ɗora mata kaya na gaske, kamar dutsen guga ko wani abu mai cin kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da aka rubuta mata, har minti ashirin ko talatin, su ga fanka ta tashi, su auna jikinta da bakin wayoyinta. Inbatar da aka rubuta wa 1,500 alhali cikinta na 700 ne, a wannan rabin awa za ta tona kanta. Ɗan kasuwa mai gaskiya ba abin da zai rasa, sai ma ciniki da zai ƙaru, gama ƙungiya ɗaya in ta gamsu za ta gaya wa goma a taron gunduma. Wanda ya ƙi, sai wakilai su yi masa sallama da ladabi su shiga shagon gaba. A rasit kuma a rubuta sunan na'ura, da lambarta, da watannin garanti, kada a yarda da alkawarin baki.

Ga masu haɗawa da ke bin kaya zuwa ƙauye, kada a biya su cikon kuɗin aiki ran da suka gama da yamma. A bari sai gobe da tsakar rana, a kunna kome, a auna tare da su, a rubuta lambobin a shafin farko na littafi, su sa hannu, magatakarda ya sa hannu. Waɗannan lambobi na ranar farko su ne za a riƙa komawa gare su muddin na'urar na raye.

Ƙungiyoyin da suka riga suka haɗa nasu, lokacin fara awo shi ne Janairu ko Fabrairu, tun iska na da sanyi, domin a sami abin da za a gwada da shi in Maris da Afrilu sun zo. In littafi ya nuna iskar ɗakin batir tana wuce 35 kullum da rana, kada a jira bazara ta yi tsakiya. A huda taga biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama, a sa musu raga saboda ɓera, a shimfiɗa zana a kan kwanon, a ɗaga batir daga rana da jikin bangon yamma, a bar tazarar taki guda tsakanin inbata da kowane abu. Farantin da aka kwantar a kan kwano a ɗaga shi yadda iska za ta ratsa ta ƙarƙashinsa. Bayan mako guda a sake aunawa a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, a aiko mana da lambobin biyu, ta kafin gyara da ta bayansa, tare da sunan ƙungiya da irin rufin ɗakin, mu buga su cikin fitowa ta gaba domin sauran gundumomi su gani.